Allon kabari ko hoton maƙabarta: wanne ya fi amfani wajen bin tarihin gida a Maraɗi?

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Kano, an rufe kakanka na wajen uba a Maraɗi, kana kuma son sanin abin da za ka fi dogara da shi wajen tattara tarihin gidanku, tsakanin rubutun da ke kan kabari da hotunan maƙabarta da wani zai ɗauko maka. Kowanne da aikinsa, kuma shekarar rasuwar ce za ta raba gardama.

Rubutu shi ne ke ba da suna da kwanan wata, sai dai a Maraɗi bai yawaita ba. Galibin kaburburan Musulmi tudun ƙasa ne da aka yi wa alama da fasasshiyar tukunya ko dutse ko reshen itace, domin hadisin Jabir ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa, ruwayar Tirmizi ta ƙara da rubutu, malaman Malikiyya kuma suna ganin rubutun makaruhi ne. Sa alama kuwa yana da madogara, tunda Annabi (SAW) ya aza dutse a kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Allon ƙarfe mai fenti da ake kafawa yanzu na baya-bayan nan ne, kuma da wuya ka same shi a kan wanda ya rasu kafin samun 'yancin kai a 1960. Kaburburan Kirista ne suka fi ɗauke da rubutu.

Idan an dace da allon, ranar rasuwa ce abin riƙewa, domin an rubuta ta alhali abin yana sabo a zukata. Shekarar haihuwa kuwa sau da yawa kintace ce, an kwafo ta daga takardar da ita kanta "wajen shekara kaza" ta ce. Suna ma yana ruɗarwa. Wanda kuka sani da Yusufu za ka gan shi Issoufou, Mamman ya koma Mamane, bisa rubutun Faransanci, sannan allo yakan ɗauki sunan yanka, alhali dangi kaf da Ɗanjuma ko Tanko suka san mutumin. Na mata ya fi wuya, don jika yakan girma bai san sunan kakarsa ba sai Inna ko Hajiya.

Hoto bai san sunan kowa ba. Abin da allo ya faɗa shi zai maimaita, har da kuskurensa. Fifikonsa shi ne yana riƙe wuri, yana kuma adana rubutun kafin rana da ruwa su cinye fentin, ko damina ta baje tudun. Ka ce wa wanda za ka aika ya ɗauki biyu: ɗaya kusa, da safe ko bayan la'asar lokacin da haske ke zuwa ta gefe, ɗaya kuma daga nesa yadda itaciya ko katanga ko ƙofar maƙabarta za ta fito. Ya nemi izinin mai gadi, kada ya taka kabari.

Akwai iyakar da duka biyun ba sa tsallakewa. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta ci tsohon garin da ke kwari, aka koma kan tudu, don haka wanda aka rufe kafin nan sai a nemi labarinsa a bakin dattawan unguwa da na fada.

A ganina, idan rasuwar ta kusa ce, fara da allon ka gwada shi da takardar rasuwa, in an yi ta. Idan ta daɗe, hoto ya fi, da sharaɗin a tafi da dattijon da ya halarci jana'izar, ya nuna wurin da hannunsa, a naɗi muryarsa a waya. Ba lallai ya tuna lambar shekara ba, amma idan ya ce an rufe kakanka bayan juyin mulkin da Seyni Kountché ya yi a Nijar, kafin yunwar da ake kira El Buhari, ka san tsakanin 1974 da 1984 ke nan. Ka rubuta wannan a ƙarƙashin hoton, tare da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.