Wayar wutar gida: jan ƙarfe zalla ko alminiyom?

Kowace wayar lantarki abu biyu ne a haɗe: ƙarfen ciki da ke ɗaukar wuta, da robar waje da ke hana ta fita. Ƙarfe yana ɗaukar wuta ne saboda ilektoron ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar, a sake suke, suna gudu da zarar an tura su. A roba da gilashi da tangaran kuwa a ɗaure suke, shi ya sa ake ɗora manyan wayoyi a kan tangaran a saman turaku.

Azurfa ta fi kowane ƙarfe ɗaukar wuta, amma ba mai yin wayarin da ita saboda tsada. Alminiyom yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka. A bar shi can a kan turaku inda rashin nauyinsa ke da amfani.

Ni dai jan ƙarfe zalla nake saya, kuma shi nake cewa kowa ya saya. Ka lanƙwasa shi, ka murɗe shi, ka ja shi cikin bututu, ba zai karye ba. Idan ka ɗaure shi da noti a bayan soket, zai zauna daram shekara da shekaru. Alminiyom yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, a hankali noti ya saki. Sannan fatar da yake yi idan iska ta taɓa shi ba ta ɗaukar wuta, sai mahaɗa ta riƙa ɗaukar zafi a ɓoye cikin bango. A Amurka an yi wayarin gidaje da yawa da shi daga wajen 1965 zuwa 1973 lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, daga baya aka ga mahaɗunsa na jawo gobara. Jan ƙarfe sai ya kai digiri 1085 yake narkewa, alminiyom kuwa 660.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Akwai wayar da cikinta alminiyom ne, an yi mata siririn rufi na jan ƙarfe, ana sayar da ita da sunan ta gaske. An taɓa sayar mini da irinta. Soket ɗin da ake saka dutsen guga ya fara warin ƙonanniyar roba, da aka kwance shi sai ga silin wayar ya yi fari yana marmashewa a hannu. Don haka kada ka yarda da launi, kada ka yarda da rubutun jikin leda.

Ka sa a yanko maka guntu a gabanka, ka kankare shi da wuƙa. In fari ya leƙo daga ƙasa, ajiye. Ka kara wa sili ɗaya laita: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, na jabu zai lanƙwashe ya zube. Ka kara maganaɗisu, domin wasu baƙin ƙarfe suke rufewa da jan ƙarfe, shi kuwa jan ƙarfe maganaɗisu ba ya kama shi. Sai sikeli. Nadi mai mita 100 na waya 2.5 (lambar kaurin ƙarfen cikinta ke nan) yana da jan ƙarfe fiye da kilo 2 ban da roba, na alminiyom bai kai kilo 1 ba. Wasu kuma jan ƙarfen na gaske ne amma an rage kaurinsa, an cike gurbin da roba mai kauri, an rubuta 2.5 a jiki. Shi wannan, mitar gwajin lantarki ce ke tona shi: mita 100 na 2.5 bai kamata ya wuce kusan om 0.74 ba (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tirje wa wuta).

Batun roba bai da tsawo. PVC tana jure digiri 70, ta isa wayarin gida. XLPE tana kai 90, ita ake so inda lodi ke da nauyi. Ka lanƙwasa guntun sosai ka duba gwiwar. In ta yi fari ko ta tsage, ko farcenka ya ɓantare ta cikin sauƙi, an cika ta da garin alli ne, kuma za ta bushe ta farfashe a cikin bango inda ba mai ganinta.