Littafi, malamin lesin, kalkuleta ko manhaja: me za ka saya wa yaron da x ta gagara?

Kukan iyaye da yawa a Agege, Idi-Araba da Mile 12 iri ɗaya ne. Yaro yana ƙoƙari a lissafi tun firamare, yana shiga JSS aka fara cusa haruffa cikin lambobi, wato aljebra, sai kansa ya ɗaure. A ce masa ya nemo x a 3x + 5 = 20, ya zuba wa takarda ido. Kuɗi kuwa ba a kan titi ake tsintarsu a Legas ba, dole uba ya san inda zai sa nasa.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka san abin da jarrabawa take biya. A takardar lissafi ta biyu ta WAEC, wadda ake rubuta aiki dalla-dalla, akwai makin hanya daban, makin amsa daban. Yaron da ya rubuta x = 5 tsura, bai nuna yadda ya kai can ba, ya zubar da maki ko da amsarsa daidai ce. JAMB kuma a kwamfuta ake yin ta, ba a shiga da kalkuleta daga gida. Saboda haka duk abin da za ka saya, ka auna shi da tambaya ɗaya: zai sa yaron ya rubuta matakan da hannunsa?

Kalkuleta ce yara suka fi naci a kai. Casio fx-991ES Plus tana warware lissafin da ake neman haruffa biyu ko uku a tare, da wanda x take da murabba'i, cikin ƙiftawar ido. Ƙaramar fx-82MS ba ta yin wannan. Amma amsa kawai babbar take bayarwa, ba ta nuna hanya. Ɗan JSS ba ya bukatarta, cutar da shi ma za ta yi. Ɗan SS2 za ta yi masa amfani wajen duba aikin da ya riga ya gama. In za ka saya, ko a Computer Village na Ikeja ko a shagon unguwa, ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ka duba hasken allon, domin jabu sun yi yawa. Ka kuma tambayi makaranta irin wadda aka yarda a shiga da ita ɗakin jarrabawa.

Manhajar waya irin Photomath ta ɗara kalkuleta, don tana nuna matakai: a haska tambaya da kyamara, aiki ya fito layi-layi. Khan Academy kyauta ce, bidiyo ne da Turanci, sai dai tana cin data. Abin da nake tsoro shi ne yaron da aka bari shi kaɗai da waya kwafa zai yi, aikin gida ya yi kyau, ranar jarrabawa asiri ya tonu. Ga kuma gidajen da wayar baba ce kaɗai, shi kuwa ba ya dawowa daga kasuwa sai bayan isha'i.

Malamin lesin ya fi duka tsada, ya kuma fi duka amfani in ka dace. Kada ka ɗauka don an ce ya gama jami'a. Ka zauna a darasin farko ka saurara. In ya ce wa yaro "tsallakar da 5 ɗin can, alama ta canza" ya wuce, to hadda yake koyarwa. Malamin kirki zai nuna masa cewa alamar daidai kamar sikelin mai awo ce a kasuwa: abin da ka cire a hannun hagu, sai ka cire irinsa a dama. A cire 5 ko'ina, saura 3x = 15; a raba ko'ina da 3, x = 5. Sannan ya sa yaron ya mayar da 5 cikin tambayar ya ga 20 ta fito da idonsa. Ka lura da yadda yake yi da kuskure ma. In aka ba yara 2(x − 3) = 10, da yawansu 2x − 3 za su rubuta maimakon 2x − 6. Malamin da ya tsaya ya tambaye shi "ina 2 ɗin ta tafi?" ya fi wanda ya karɓe biro ya gyara da kansa.

Akwai batun harshe, wanda mu mazauna Legas muka fi kowa saninsa. Yaranmu Hausa a gida, Yarbanci da Burokan a layi, Turanci a aji. Sau tari ba lissafin ne ya kayar da su ba, tambayar da aka rubuta da dogon Turanci ce ba su iya mayarwa zuwa x ba. Malamin da zai iya warware musu ita da Hausa ya cancanci ƙarin kuɗi. In nauyin ya yi yawa, ku haɗu da maƙwabta ku raba, a sa lokacin da ba zai ci karo da Islamiyya ba.

Littafi shi ne mafi arha, kuma da shi zan fara. New General Mathematics yana da na kowane aji daga JSS1 zuwa SS3, da misalan da aka warware da atisaye masu yawa. Ana samunsa a shagunan littattafai na Yaba, na hannu ma ya wadatar in shafukansa sun cika. Ka buɗe ka duba bugun, domin a na jabu alamar ragewa takan dushe, yaro ya yi ta fama da tambayar da ba haka take ba. Ka haɗa masa da littafin rubutu na lissafi kaɗai, ka riƙa buɗawa duk ƙarshen mako. Ko ba ka san aljebra ba, za ka gane bambancin shafin da aka cika da layukan aiki da wanda amsoshi ne kawai a jere. Abin da ka gani a nan ne zai gaya maka ko lokacin neman malami ya yi.