Kwas ɗin epidemiyoloji ta intanet: ya yi, amma ba su san Adar ba

Tunda abokan aiki suna ta tambayata a grup ko formasiyon nan ta cancanci kuɗin forfe, to ga abin da na gani. Kwas ne na matakin farko kan epidemiyoloji, wato yadda cuta ke yaɗuwa cikin jama'a da abin da ke haddasa ta, wata jami'ar Turai ke bada shi da Faransanci, bidiyo gajeru gajeru sai tambayoyi a ƙarshen kowane sati. Ni infirmiye ne a wata CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, cikin jihar Tahoua, kuma rahoton sati na cututtukan da dole a sanar a wuyana yake, shi ya sa na shiga.

Maganar Allah makonnin farko sun fi komi daɗi. Sun fara da John Snow, likitan nan na Landan da ya bi gidajen da kwalara ta kashe mutane a 1854 har ya gano duk famfo guda suke ɗiban ruwa a titin Broad Street, aka cire hannun famfon, alhali lokacin mutane sun ɗauka warin iska ke kawo cutar. Daga nan sai bambancin ensidans da prebalans, sabbin kamu cikin wani lokaci da kuma duk masu ɗauke da cutar yanzu. Mun yi wannan a lakkwal amma haddace shi muka yi don jarrabawa, a nan ne ya zauna mini. Malamar kullum tambayarta guda ce, mutum nawa cikin mutum nawa, kuma cikin wane lokaci. In ka ce an samu sanƙarau 5 ba ka ce komi ba tukuna. Ma'aunin OMS, hukumar lafiya ta duniya, shi ne 3 cikin 100,000 a sati guda a fara shiri, 10 cikin 100,000 annoba ce, to kun ga a yanki mai mutum 50,000 waɗannan biyar ɗin sun isa a buga ƙararrawa, a Yamai kuwa ba za su motsa lissafi ba.

To a nan ne kuma na fara jin haushin kwas ɗin. Duk atisayen da suka bamu an riga an baka yawan jama'a a hannu, tsaf, kamar kowa na zaune gidansa an rubuta sunansa. Mu fa lissafin da muke aiki da shi daga ƙidayar 2012 aka ɗauko ana ƙara masa kashi duk shekara, kuma duk wanda ya san Adar ya san da an gama girbi samari sun kama hanyar bida, wasu Abijan wasu Libiya wasu Najeriya, gari ya rage mata da yara da tsofaffi, daidai lokacin da hunturu da ƙura ke kawo sanƙarau kenan. Ga makiyaya na wajen Abalak da Cintabaradan da yau suna nan gobe sun ƙara gaba. To cikin mutum nawa zan raba? Ko darasi guda babu kan wannan, na rubuta tambayar a wurin tattaunawa wani ɗalibi daga Burkina ne kawai ya tanka mini, shi ma damuwarsa kenan.

Misalansu ma kusan duk na can ne, ciwon zuciya, kansa, taba. Binciken Doll da Hill na 1950 da ya haɗa sigari da kansar huhu sun yi bayaninsa da kyau, da shi na gane yadda ake kwatanta masu ciwo da marasa ciwo a waiwayi baya, da yadda wani dalili na uku zai iya ɓoyewa ya ruɗe ka. Amma haba, muna tsakiyar zirin sanƙarau da ya tashi daga Senegal har Habasha, an kawo rigakafin MenAfriVac Nijar a 2010 nau'in A ya kusan ɓacewa, sai ga nau'in C ya taso a 2015 ya kama mutum sama da 8,000 har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki, wane misali ya fi wannan koyarwa? Ko CPS, maganin kariya da muke rabawa yara ƴan wata 3 zuwa 59 duk damina don zazzaɓin cizon sauro. Ni da kaina nake ɗauko rajistan TDR ɗinmu, wato gwajin zazzaɓin cizon sauro na nan take, ina gwada darasin sansibilite da spesifisite a kai, wato yadda gwaji ke gano masu cutar da yadda yake ware marasa ita.

Ɓangaren lissafi sun yi gudu da yawa, entarbal na konfiyans, wato tazarar da ake sa ran ainihin adadi na cikinta, bidiyo ɗaya suka yi masa suka wuce, wanda ya daɗe da barin mat zai sha wuya. Kuma kar wanda ya ce zai yi shi a waya kaɗai, teburan ba sa fita, a nemi ordinater ko aro ne. Bidiyo suna saukuwa, ni da dare nake sauke su in rezo ya yi sauƙi don in an ɗauke kuran in kalla daga baya. Karatun kyauta ne, atestasiyo ce sai ka biya kuma da katin banki, sai da wani ƙanena a Yamai ya biya mini na tura masa.

Majo majo, wato shugabannin CSI, da masu riƙe da rahoto, da ɗaliban lafiya da ke shirin memuwar, ku yi shi, ku dai haɗu biyu ko uku don lissafin. Wanda yake son a koya masa binciken annoba a ƙauye, daga layin sunaye har ɗaukar ruwan baya a tura CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai, wannan ba ya ciki, sai ya nemi formasiyon epidemiyoloji ta fili da ma'aikatar lafiya ke shiryawa.