WhatsApp Business a hannun ɗan kasuwar Damagaram: inda yake biyan buƙata da inda yake gazawa

Tun 2018 kamfanin WhatsApp ya fitar da manhaja ta biyu domin ƴan kasuwa, WhatsApp Business, amma har yau masu saida atamfa a kasuwar Dole, da dukawan Birni, da matan da ke sana'ar turaren wuta da alkaki a cikin gida, mafi yawansu da WhatsApp na kowa da kowa suke talla. Shawararmu ita ce su koma ta ƴan kasuwar. Kyauta ce, kuma tana rage wahala. Sai dai an gina ta ne domin mai saye da ke karatu da rubutu, alhali cinikin garin nan da murya ake yin sa.

Komawar ba ta da wuya, amma akwai tarko ɗaya. Lamba ɗaya ba ta zama a manhajojin biyu a lokaci guda. In da tsohuwar lambarka za ka koma, fara ajiye kwafin hirarrakinka a Google Drive, sannan ka sauke sabuwar ka bar ta ta kwaso su. Wanda ya tsallake wannan yana iya rasa hirar shekaru, har da lissafin masu bashi. Abin da ya fi shi ne a ware wa sana'a layinta daban, na Airtel ko Moov ko Zamani, wanda aka yi wa rajista da sunan mai dukiyar, ba da sunan yaron shago ba. Ranar da yaro ya bar aiki da layin a aljihunsa, da masu sayenka ya tafi.

Abin da aka fi yabawa a manhajar shi ne katalog, wato rumbun hotunan kaya. Yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hoto har 10, da suna da farashi da bayani. Ga mai takalman fata ko jakunkuna, wannan ya raba shi da sake tura hoto ɗaya sau ashirin a yini: mai saye ya shiga ya duba da kansa. Kamfanin yana tantance kowane kaya kafin ya fito, kuma yana ƙin magunguna da taba da makamai, don haka mai saida maganin gargajiya kada ya ɓata lokacinsa a nan.

A kan farashi kuwa a yi hattara ƙwarai. A bakinmu "ɗari biyar" dala ɗari biyar ce, wato sefa 2.500. In ka rubuta 500 kawai, wani zai ɗauka sefa 500 ne, wani ya lissafa da dala, mai saye daga Daura ko Kano kuma ya ɗauka naira ce. Rubuta adadin da sefa, ka sa F a bayansa, in kuma da murya kake faɗa ka ce "jika biyu da rabi". Rigingimu da yawa tsakanin mai kaya da mai saye daga nan suke tashi, ba daga rashin gaskiya ba.

Sai hoto. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin mega, kuma matsewar tana ɓata zanen shadda da launin fata. Ɗauki hoton a inuwa da hantsi, kada a ƙarƙashin fitilar shago, ka shimfiɗa kayan a kan farin ƙyalle, ka danna alamar HD, wadda ke rage matsewar, kafin ka tura. Jan fata da aka ɗauka a tsakar rana yakan fito kamar ruwan goro, kaya su isa Yamai a ce ba su aka gani ba.

Amma a gaskiya ba katalog ne ke kawo ciniki a Damagaram ba. Istatu ne, wannan da ke ɓacewa bayan awa 24. Kuma ga ƙa'idar da mutane da yawa ba su sani ba: ba mai ganin istatunka sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Haka jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda: yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba, kuma manhajar ba za ta gaya maka ba. Mutum ya tara lamba ɗari biyu, ya yi ta aikawa, yana mamakin shirun da ya ji. Saboda haka aikin farko na mai talla shi ne ya sa a ajiye lambarsa. Duk wanda ya saya a shago, a roƙe shi ya ajiye ta nan take, a gabanka. Ga waɗanda ke nesa, akwai gajeren adireshi: wa.me/227 sai lambobinka takwas a manne, ba tazara, ba alamar tarawa. Shi ake sawa a Facebook da TikTok, wanda ya taɓa shi ya faɗo kai tsaye cikin hirarka.

Istatu biyar ko shida masu kyau a yini sun isa. Masu jera hoto arba'in suna cinye megar mutane ne, ƙarshenta a toshe su.

Inda manhajar ta fi ba mu haushi shi ne saƙonnin da take aikawa da kanta. Akwai na maraba, wanda ke zuwa ga wanda ya fara yi maka magana ko ya dawo bayan kwana 14, akwai kuma na "ba na kusa". Duk rubutu ne. Hajiyar da ta aiko da murya tana tambayar kuɗin turmi, aka mayar mata da dogon rubutu da Faransanci, ba za ta sake magana ba. Dabarar da ke aiki ita ce ka naɗi muryarka da Hausa sau uku ko huɗu: gaisuwa da bayanin inda shago yake, yadda ake biya, yadda ake aika kaya. Tura su ga lambarka ta kanka, su zauna can, duk mai tambaya ka isar masa da wadda ta dace. Saƙon maraba kuma a taƙaita shi, layi biyu, da sallama a farkonsa. Alamomin da ake liƙa wa hira suna da amfani sosai ga mai oda da yawa: "ya biya", "saura ciko", "an kai tasha". Minti biyu ne aikinsu, suna hana a aika wa mutum ɗaya kaya sau biyu a manta da wani.

Biyan kuɗi ba ya cikin manhajar a Nijar. Ciniki yana ƙarewa ne a wuraren aika kuɗi irin su Nita ko Amana ko Airtel Money, kaya kuma su bi kabu-kabu a cikin gari, ko motocin Rimbo da STM zuwa Maradi, Agadas da Yamai. A wannan giɓin ne macuta suke zaune. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, ana gyara shi a salula cikin ɗan lokaci. Kada kaya su bar hannunka sai ka ga kuɗin a asusunka ko ka karɓe su a gishe. Kai ma in ka kai kaya tasha, ɗauki hoton ƙunshin da sunan mai karɓa a jiki, da takardar da aka ba ka, ka tura masa.

Ƙungiyoyi ma suna amfana, kuma nan ne muka fi son a yi amfani da manhajar da hankali. Fadar samari da ke shirya yashe magudanun ruwa kafin damina, ko masu neman a ba da jini ga majinyaci, ko mazauna unguwa da ke kai kukan ƙarancin ruwa, wanda Damagaram ta daɗe tana fama da shi, duk guruf ne, wato zauren hira na WhatsApp, ke haɗa su. Guruf yana ɗaukar mutum 1.024, amma da ya wuce ɗari, sanarwa takan nutse cikin gaisuwar Juma'a da bidiyon da ba su shafi kowa ba. Gyaran shi ne a yi biyu: ɗaya shugabanni kaɗai ke rubutu a ciki, ɗaya na muhawara. Kowace sanarwa ta zo da rana da wuri da sunan ƙungiya a cikinta, domin saƙon neman jini marar kwanan wata yakan yi ta yawo wata da watanni bayan an sallami majinyacin. Kuma shugabannin guruf su sani cewa Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, wadda aka ƙara tsaurarawa a 2024, har da ɗauri a kan ɓata suna da zagi. A faɗi abin da aka gani da ido, unguwa kaza, kwana kaza ba ruwa, a bar zargin da ba a da hujjarsa.

Abu biyu ne ke sa a wayi gari ba asusun. Na farko kamfanin da kansa ya rufe shi, galibi saboda zuba mutane a guruf ba da izninsu ba, ko aika talla ga baƙin lambobi har su kai ƙara, ko amfani da jabun manhaja irin GB WhatsApp. Na biyu sata: wani ya kira ya ce ya yi kuskure ya turo maka lambobi shida, ka karanto masa. Waɗannan lambobin mabuɗin asusunka ne, yana samun su zai fara roƙon kuɗi da sunanka wajen masu sayenka. Shiga saituna yau ka kunna tabbaci mai mataki biyu, ka zaɓi lambar sirri shida da ba shekarar haihuwarka ba, ka haɗa da imel da kake iya buɗewa. In yaran shago ne ke amsa saƙo, kada ka ba su layin: manhajar tana barin a jona na'ura har huɗu a asusu ɗaya, kuma daga salularka kake cire duk wadda ka ga dama.