Sun dawo mana da teburan Hive, amma ba su kwafi Ranger ba

Kamfaninmu na jigilar tumatir da albasa ne daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma lissafin motoci da direbobi da kuɗin lodi duk yana cikin Hive, manhajar da ke tsara mana bayanai a matsayin tebura. Wani ƙaramin kamfani a Ikeja muka ba aikin ajiya: kowane dare su kwafi rumbun bayanai na MySQL da ke riƙe da metastore, wato kundin da ya san sunan kowane tebur da ginshiƙansa da inda fayilolinsa suke.

Ranar da NEPA ta dawo da wuta da ƙarfi, inbata ta ƙone, ta tafi da faifan sabar MySQL, wato kwamfutar da rumbun yake kai. Fayilolin Parquet, inda ainihin bayanan suke, ba abin da ya taɓa su, amma Hive bai san ko ɗaya ba, kamar sito cike da buhuna an cire musu alama. Direbobi na tsaye a Agege suna jiran sallama, maigida kuma sai kira yake.

Yaron da suka turo ya burge ni, wallahi. Da jakarsa a baya ya sauka daga okada, ya ce, "Yallaɓai, kwantar da hankalinka, kwafin daren jiya yana hannuna." Ya loda fayil ɗin mysqldump, wato kwafin MySQL ɗin, a sabuwar saba, ya duba da schematool, wani kayan aikin Hive, ko sigar ta dace da Hive ɗinmu, sannan ya bi teburan da umarnin MSCK REPAIR TABLE don kamo lodin safiyar ranar da kwafin bai riska ba. Kafin isha'i an biya direbobi. Har tsire na saya masa.

Da safe akanta ya zo buɗe teburin albashi, aka hana shi. Kowa ma an hana shi. Ashe izinin wa zai ga me yana cikin wata manhajar tsaro mai suna Ranger ne, shi kuma rumbunsa daban yake a kan wannan sabar da ta mutu, ba su taɓa kwafarsa ba. Na kira ogansu, ya ce wai ba ya cikin yarjejeniya. To, wa ya kamata ya faɗa mana tun farko, mu masu tumatir? Kuma sai a lokacin na tuna ba su taɓa gwada maido da kwafin a gabanmu ba, saƙo kawai suke turowa cewa an yi. Ga kuɗin gaggawa da suka ƙara a takardar biya.

Yaron na yaba masa. Kamfanin kuwa, har yanzu da hannu muke sake rubuta izinin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya.