Ɗanwake ko Alale: Wanne Ya Fi Sauƙi Ranar Aiki?

Duka biyun wake ne tushensu, amma wahalarsu ba ɗaya ba ce.

Alale yana son lokaci. Sai kin jiƙa wake, kin surfa, kin wanke dusar tas, sannan a kai markaɗe da attaruhu da albasa. Ki zuba mai da gishiri, ki ƙulla a leda ko ki zuba a gwangwani, ki turara kusan minti 45. In wuta ta ɗauke a unguwarku, ga layi a wurin mai inji.

Ɗanwake kuwa, in dai kina da garin a ajiye, magana ta ƙare. Ki kwaɓa da kuka da ɗan ruwan kanwa, ki rinƙa jefawa a tafasasshen ruwa. Da ya taso sama, ki ba shi 'yan mintoci ki tsame. Mai, yaji, ɗanyen tumatir da kabejin da kika sayo a Kasuwar Barci ta Kaduna, shi ke nan. Kada dai kanwa ta yi yawa, ɗaci take sa shi.

Ni kam, alale sai Asabar, ko da yake ya fi daɗin sakawa a kwanon makarantar yara.