Gyaran keke ko gyaran kwamfutocin makaranta: wanne ya fi sauƙin koya?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya wanne zai fara koya wa ɗalibansa, gyaran keke ko warware matsalar kwamfutocin ɗakin karatu da ke haɗe da juna. Malam, mu dai a ganinmu fara da keke, domin laifinsa ido na gani, na kwamfuta kuwa sai an bi sawu.

Ɗauki tayar da ta sace. Ka ciro tub, ka ɗan hura masa iska, ka tsoma a ruwa. Inda kumfa ya taso nan hujin yake. A goge wurin da sanfefa, a shafa gam siriri, a jira kamar minti 5 har ya daina sheƙi, sannan a danna faci. Masu gaggawa a jiƙe suke mannawa, washegari facin ya ɗago. Kafin a mayar da tub, a shafa cikin tayar da yatsa, don ƙayar tana iya kasancewa maƙale. In huji biyu ne a jere, ba ƙaya ba ce: iska ce ta yi kaɗan, bakin gargare ya matse tub ɗin a kan dutse. Sufana mai lamba 15 ke kwance feda, amma ta hagu zarenta a juye yake, sai an murɗa ta dama take kwancewa.

A ɗakin kwamfuta kuwa, ruwan da za ka tsoma tub shi ne tambaya: kwamfuta ɗaya ce ta ƙi haɗuwa da layi, ko duka? In ɗaya ce, duba kebul da fitilar da ke bakin ramin da ake cusa shi. Sai ka buɗe tagar rubuta umarni (Command Prompt) ka rubuta ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfutar, wato lambarta a kan layi. Adireshin da ya fara da 169.254 na nufin ba ta samu lamba daga rauta, na'urar da ke raba wa kwamfutoci lamba, ba. Ipconfig /renew kan gyara in layin lafiya lau yake. In lambar daidai ce, rubuta ping 8.8.8.8, wato gwajin ko wata sabar intanet za ta amsa. Ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa? Matsalar DNS ce, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba.

Akwai wadda ke wahalar da mutane a banza: kwamfuta ta ƙi karɓar kalmar sirri alhali daidai take. Duba agogonta. A tsarin Windows mai sabar makaranta, saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin agogonta da na sabar ya isa a hana shiga, kuma sau da yawa ƙaramin batirin CR2032 na kan babban allon cikin kwamfutar, mai riƙe agogo, ne ya mutu.

Wajen kuskure ne suka rabu sosai. Ɗalibi ya ɓata faci, keke ɗaya ne ya kwana. Ya cusa bakin kebul ɗaya duka biyun a ƙaramin suwic, akwatin da ke haɗa kebul-kebul ɗin kwamfutoci, saƙonni su yi ta zagaye har ɗakin gaba ɗaya ya tsaya cak. Don haka in an zo kan kwamfuta, a ware musu guda biyu da suwic nasu daban, ba a haɗa da layin makaranta ba.